Allurar da Na Riƙa Gasawa

Ban yafe wa wanda ya fara sa wa wannan ciwo suna sanyi ba. Ban san shi ba, wataƙila ya rasu tun ba a haifi kakata ba, amma ban yafe ba. An ce mini ba kyau mutum ya riƙe matacce a zuciya. Na ji. Da ya ce ciwon gaɓɓai ya tsaya nan, da yau ƴata tana zaune a kan tabarma da kan wata a cinyarta tana kitso.

Ƴar fari ce gare ni. Mu nan Gure uwa ba ta kiran sunan ƴar fari, ba ta yi mata wasa gaban mutane, ba ta nuna ta damu da ita. Uwata ce ta yaye ta, ita ta goya ta. Ni sai "ke", sai "yarinyar nan". Ba ta taɓa ƙorafi ba, don kowa haka ya tashi. Ko a takardar nan ba zan sa sunanta ba. Hannuna ya koyi rubutu da furfura a kaina, amma wannan sunan har yau bai iya ba.

Kitso take yi. Ba don na haife ta ba, a unguwarmu ba mai hannunta. Ranar kasuwa mata daga Kelle sukan biyo ta gida tun ba su sauke kayansu ba, a kama musu wuri. Tana yin ƙananan kitson Barebari, ta tsaga da kibiya layi ya fito sak, ba ta ja mutum ya kwana da ciwon kai. Ni ina daga gefe ina tankaɗe, ina satar kallon yatsun nan suna tafiya, ban taɓa cewa ya yi kyau ba.

Bayan haihuwarta ta biyu abin ya soma. A gidana ta yi jego, ni na dafa mata ruwan wanka safe da yamma har arba'in. Ba a jima ba ta fara tashi da safe hannuwanta a ƙage, ba su buɗewa sai hantsi ya ɗaga. Gaɓɓan yatsu suka kumbura, sai wuyan hannu, sai gwiwa. Wata tsohuwa da ta zo dubiya ta kama hannun ta juya shi, ta ce, "Sanyi ne. Tun jego ya shige ta. Ruwan bai yi zafi ba."

A tsakar gidana ta faɗa, kuma ta san wa ya dafa ruwan.

Ban tanka mata ba, ni da ba a gaya mini magana in haɗiye. Amma daga ranar na yi wa kaina alkawari, wani abu mai sanyi ba zai ƙara taɓa yarinyar nan ba ina raye. Na hana ta ruwan randa. Na dama mata kunun kanwa, na dafa citta da kanumfari. Da rana tsaka in kai ta bayan gida inda rairayi ya gasu, in binne mata hannuwa har gwiwar hannu. Wanzami ya yi mata ƙaho. Shekara uku muna haka. Ciwon ya yi kamar ya tafi, ya dawo ya fi da. Kitson ya ragu, ta koma yi wa mutum ɗaya a yini, shi ma da hutawa.

Mijinta direban babbar mota ne, rabin shekara yana hanya. Shi ya gaji da maganinmu ya ɗauke ta zuwa Damagaram, daga can aka tura su Yamai. Suka yi wata biyu da wani abu. Ranar da suka dawo, da ƙafarta ta sauko daga mota ba wanda ya riƙe ta, ta ɗauki ɗanta ta saɓa a kafaɗa. Na shiga madafa na tsaya ina kallon bango, don kada a ga fuskata.

Da yamma ta zauna tana ba maƙwabciyata labari, ni ina ji daga bakin murhu.

"Likita ya ce ba sanyi ba ne. Wai sojojin jikina ne suka rikice, suna yaƙar gaɓɓaina."

Na ce, "Sojoji kuma? Har cikin jikin mutum suka kai?"

Maƙwabciya ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Yarinyar ta ce wallahi haka ya ce. Wai kowane jiki yana da masu tsaronsa da ke kashe cuta, nata ne suka daina gane gida. An gwada ƙwayoyi ba su isa ba, shi ne aka sa ta a wata allura da ke kwantar da su, duk sati biyu sau ɗaya. Kafin a fara sai da aka ɗauki hoton ƙirjinta, a tabbata ba tarin fuka a ɓoye. Kuma an ja mata kunne, tunda masu tsaron sun kwanta, in ta ji zazzaɓi ko tari kada ta zauna gida, ta tafi likita ranar.

Zancen sojoji ya bi ta bayan kunnena. Zancen tari da zazzaɓi ne ya zauna, na ce a raina, to ga shi, su ma da iliminsu sanyin suke tsoro.

Allurar a firijo take zama. Wani ɗan'uwan mijin ke sako ta daga Yamai cikin akwatin ƙanƙara, a ba direban kar, motar fasinja. Maƙwabciyata tana sayar da ƙanƙara da zoɓo, firijonta na sola ne, ko kuran, wutar lantarki, ya ɗauke ba ruwanta, sai aka ajiye a wurinta. Mijin ya koma hanya, yarinyar ta dawo gidana da yaranta. Aka samu wani tsohon majo, ma'aikacin asibiti da ya bar aiki, shi zai riƙa zuwa bayan la'asar ya yi mata.

Ranar farko ya ce mini, "Yaya, ki riƙa ɗauko ta tun kafin in zo, ki ajiye sanyin ya sake ta. Da sanyinta ta fi zafin shiga."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma gaskiya ya faɗa. Ajiyewa ya ce. Bai ce in yi mata komai ba.

Da sati biyu suka cika na shiga gidan maƙwabciya bayan azahar, ta buɗe firijo ta zaro mini guda daga cikin kwalin. Na riƙe ta a tafin hannu. Ƴar siririya ce cikin farar roba, ruwan ciki garau. Sanyinta ya ratsa ni har wuyan hannu. Na tsaya a zaure na ce, wannan za a ɗura wa mai sanyin ƙashi? Wannan da ta kwana tsakanin ƙanƙara?

Na wuce madafa. Akwai ruwa a kan wuta, na zuba a kwanon sha, na saka allurar da robarta, na rufe da faifai. Da ruwan ya huce na ƙara wani. Sannan na tsamo ta na goge, na naɗe a bakin zanena na soke a ƙugu, ta zauna jikina har majo ya yi sallama. Ya karɓa ya taɓa, ya ce, "Yauwa, ta yi daidai." Ya tsira mata a cinya. Yarinyar ta ce ko zafi ba ta ji ba.

Ranar nan da daɗi na yini. Ba wanda ya gani, ba kuma wanda zan gaya wa. Uwa ba ta fitowa tsakar gida ta ce ga abin da na yi wa ƴar fari. Shekara ashirin da bakwai ban goya ta ba, ban shafa kanta ba, ban kira ta ba. Yanzu na samu abu ɗaya da nake yi mata da hannuna, in ɗauke shi a ƙuguna kamar jariri. Har jiran ranar allura nake.

Wata na farko ba a ga komai ba. Ta yi wa maƙwabciya kitso, ta yi wa wasu amare biyu. Mata suka soma dawowa. Cikin wata na biyu safiya ta fara yi mata nauyi. Na uku, kumburin ya dawo. Maƙwabciya ta ce jikinta ne ya saba da maganin. Wasu suka ce baki ne, an ga ta warke an yi ta magana. Majo ya ce a koma likita. Ranar randebu, ranar komawa wurin likita, ta zo mijin yana arewa, aka ɗaga. Aka sa wata, aka ce likitar da ke ganinta a Damagaram ta yi tafiya. Damina ta sauka, kowa ya shiga gona.

Ni kuwa da na ga ciwon yana ƙaruwa, sai na ƙara wa ruwan zafi. Zan rubuta shi yadda yake. Na ce sanyin firijon ne bai gama fita ba. Na daina jira ruwan ya sauka daga wuta ya huce, yana tafasa nake zubawa. Wani lokaci in ɗora ta a kan murfin tukunya.

Akwai ranar da ba ta fita raina. Bayan girbi aka kawo wata amarya daga Gamu, uwarta ta ce tun yarinyar tana ƙarama ta yi alkawari ba mai kitsa ta ranar aure sai ƴata. Uwar ta ce ƴata ta gwada. Aka shimfiɗa tabarma, amarya ta kwantar da kai. Ƴata ta ɗauki kibiya, kibiya ta faɗi. Ta ɗauka da hannu biyu, ta tsaga layi ɗaya, ya karkace. Ta kama gashin, yatsun suka ƙi rufewa. Sau uku kibiyar tana faɗuwa a rairayi. Ta dubi uwar amarya ta yi murmushi, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ku kai ta bayan masallaci, akwai mai yi. Ku ce ni na aiko ku." Da suka fita ta zauna tana kallon hannuwanta a cinya. Yatsun hagu sun soma kwantawa gefe ɗaya, kamar ciyawar da iska ta bi ta kanta.

Daga baya ko zane ba ta iya ɗaurawa. Ni ke ɗaura mata, ina kallon gefe, ita ma tana kallon gefe.

Sai da aka yi wata bakwai muka samu zuwa Damagaram. Mijin bai nan, ni na raka ta. Maƙwabciya ta ba mu kwalin da ya ƙare, ta ce mu tafi da shi ko za a tambaya. Likitar mace ce, yarinya, ba za ta girmi ƴata ba. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannuwan. Ta ɗaga hoton sama ta daɗe tana kallo. Ta yi wa ƴata tambayoyi da Faransanci, don ita ta yi lakwal, karatun boko, kaɗan. Sai ta juyo da Hausa.

"Ban gane ba. Maganin nan ya karɓe ta a Yamai, ga takardunsu. Ba ku tsallake ba?"

"Ko sau ɗaya," in ji ƴata.

"Firijon fa? Ba ya mutuwa?"

"Na sola ne."

"Wa ke ɗauko ta ranar allura?"

Na gyara zama. Har yau in na tuna yadda na gyara zaman nan sai in ji kamar in tsine wa kaina. Na ce, "Ni ce. Kuma ban taɓa bari an yi mata ita da sanyi ba. Sai na gasa ta sosai."

Likita ta ajiye biron da ke hannunta.

"Inna, kin gasa ta yaya?"

Na gaya mata. Ruwan, kwanon, faifan, murfin tukunyar. Ina faɗa ina jiran a ce sannu da ƙoƙari. Na kai ƙarshe. Ƴata ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta.

Likita ta ce a hankali, "Inna, maganin nan kamar ƙwai yake. In ya ji wuta ya dahu, ba ya komawa ɗanye. Ido ba lalle ya gani ba, amma ya mutu. Wata bakwai ɗin nan kusan ruwa ake yi mata."

Na ce, "Ciwon sanyi ne fa."

"Ba sanyi ba ne. Suna ne kawai."

Sai na taso mata. Na ce to ku da kuka sani, me ya hana ku faɗa? Kun tara mutane kuna yi musu yaren nasara, wa ya kira ni ya ce ke tsohuwa, kada ki yi kaza? Muryata har waje. Ba ta yi fushi ba. Ta ce ina da gaskiya, ya kamata a gaya wa duk wanda zai taɓa maganin. Ta miƙa hannu ta karɓi kwalin daga jakata, ta juya gefensa, ta ɗora yatsa.

"Ga shi nan. Biyu, ga takwas. Ma'aunin sanyi ne, tsakaninsu ake ajiye shi. Nan kuma an ce kada a ɗumama shi da ruwan zafi, ko wuta, ko rana. A fito da shi a ajiye a inuwa kaɗan, shi ke nan."

Na dubi wurin. Kwalin nan na san shi kamar tafin hannuna. Na san launinsa, na san inda ya lanƙwashe. Sau goma sha huɗu ana buɗe irinsa a gabana. Maganar tana jikinsa, tana kallona, ni ina ganin ƙananan baƙaƙen ƙwari a jere.

Ƴata ce ta yi tambaya.

"Za su miƙe?"

Likita ta kama hannun hagu ta shafa yatsun. Ta ce waɗannan gaɓɓan sun cinye, abin da ya karkace ya karkace. Hannun dama da saura. Babban yatsa da manuni da na tsakiya, in aka koma kan maganin yadda ya kamata, ana sa ran a tsare su. Za ta ci abinci da hannunta, za ta ɗaura zanenta.

"Kitso fa?"

Likita ta ɗauki biro ta soma rubuta takarda.

A kar muka dawo. Ita ce ta taga, ni ina gefenta, hannuwanta a cinya cikin mayafi. Muka wuce tuddan rairayi, muka wuce kwarurruka da dabinonsu. Ina jira ta zage ni. Wallahi so nake ta zage ni, ta ce kin kashe mini hannu, in samu abin da zan riƙe. Sai da muka kusa gida ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Inna, ashe shiga madafar nan da kike yi ranar allura, ki rufe ƙofa, tawa ce."

Ta ci gaba, idonta a kan taga.

"Ni ina cewa gudu kike kada ki ga ana tsira mini. Na ɗauka abin bai dame ki ba." Ta ɗan yi dariya. "Ashe dafa mini kike."

Sunanta ya zo mini har bakin leɓe, shekara ashirin da bakwai yana nan. Abin da ya fito shi ne, "Ke, ɗaga ƙafarki, kin danne mini zane."

Ta ɗaga.

Mun iso kafin magariba. Maƙwabciya ta shigo jin yadda aka yi. Ƴata ba ta tona ni ba, ta ce likita ta ce a ci gaba, a dai kiyaye da zafi. Sai ta sa ƙafa ta jawo ƙaramin kwandon da take zuba kayan kitso, ta tura mata kibiyar, ta ce ta ba duk wadda za ta yi aiki da ita. Na miƙa hannu na ɗauke kafin maƙwabciya ta taɓa. Na ce ba inda za ta. Sannan na gaya wa maƙwabciya komai da bakina, a tsaye, ruwan da kwanon da murfin tukunya. Ta rufe baki da hannu tana salati.

Akwai wata rumfa kusa da rijiyar unguwa inda ake karatun manya. Shekara biyu madam ɗin da ke koyarwa tana bina in shiga, ina ce mata in ta ga tsohuwa da allo ta gaishe ta. Na sha yi wa masu zuwa dariya, in ce sun bar daka sun tafi zana ƙafar kaza.

Da gari ya waye na ɗaura wa yarinyar zanenta, na dama mata kunu. Na shiga gidan maƙwabciya na ce, in sabuwar allura ta iso, kada ta ƙara ba ni ita a hannu, ko na yi rantsuwa, ko na yi faɗa. Majo ya riƙa zuwa da kansa yana ɗauka, har ranar da zan tsaya gaban firijon nan in karanta mata abin da ke jikin kwalin.

Daga nan na wuce rumfa. Mata sun zauna, madam tana share allo. Ta gan ni ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskata ta fasa. Ta ce in samu wuri, yau "a" da "ba" ake yi. Na ce ba su na zo nema ba tukuna. Na ajiye kwalin a kan teburinta, na zaro kibiyar daga ƙuguna, na ɗora tsininta a kan biyun nan da takwas.

Na ce, "Daga nan za ki fara mini."